Wa Ya Haɗa Maka Kaya?

Har yau in aka cika wa miya daddawa ba na iya ci. Ba yanga ba ce, ni 'yar Rawayya ce, da daddawa aka yaye ni. Amma tun da muka je Umara da Baba, da zarar warin ya bugi hancina sai zuciyata ta tashi, in tuna da yayana Mahadi, in ture kwanon.

Sunana Wasila, ɗinki nake yi a Gusau. Mahaifinmu Malam Manu manomi ne, kuma kafin tafiyar nan bai taɓa yin kwana bakwai a jere a wajen Rawayya ba. Shekara shida ke nan da ciwon suga ya kama shi. Da ƙwaya aka fara, daga baya aka mai da shi kan allurar insulin, safe da yamma, irin wadda take kama da biro, a murɗa gindinta zuwa lambar da likita ya ce, a soka a ciki ko a cinya. Ciwon ya taɓa masa ido sosai. Mutum in ya wuce taku biyar sai dai Baba ya gane shi da murya, lambobin jikin biron kuwa ko alamarsu ba ya gani. A gida Inna ce take yi masa, ni na koya mata. Ranar da ya sayar da bijimansa biyu ya ce zai je ya ga Ka'aba kafin idon ya rufe gaba ɗaya, sai aka ce ni zan raka shi, don ƙafar Inna ba ta doguwar tafiya.

Mahadi ma ya ce da shi za a je. Shi ne babbanmu, yana da shagon kayan masarufi a Tsafe, ya je Makka sau uku, haƙorin Makka biyu a bakinsa. In yana ba da labarin jirgi sai ka rantse tare da shi aka ƙera.

Shi ne kuma ɗan fari, Baba kuwa mutumin da ne. Shekara hamsin da biyu bai taɓa kama sunansa ba. Sai dai ya ce "yaron ga" ko "na Tsafe." Akwai wani mai gyaran keke a Rawayya da shi ma Mahadi ne sunansa, Baba "mai sunan yaron ga" yake ce masa, ko da kuwa tayar kekensa ce ta fashe a tsakiyar kasuwa yana neman a kira shi. Muna yara mun sha ɗana masa tarko, mu ce, "Baba, wa ya kai awaki kiwo yau?" Sai ya ce, "Wanda ya kai su jiya." Mu da ake kiranmu gatsal, Wasila kawo ruwa, Hauwa rufe ƙofa, mun san ba mu aka fi so ba. Wanda ake jin nauyin sunansa shi ne a can cikin zuciya.

Saura mako guda mu tashi na kai Baba asibiti a nan Gusau. Likitar da ke duba shi mace ce mai faɗa, amma ba ta rowar bayani. Na buɗe bayan littafin da nake rubuta awon mutane, ta riƙa faɗa ina rubutawa.

Ta ce, "Kada ki kuskura ki sa maganin nan a babbar jaka. Inda ake zuba manyan kaya a ƙasan jirgi sanyi yana iya daskarar da shi. In ya daskare ya mutu, ko ya narke daga baya ruwan banza ne. Kuma jaka tana iya ɓata. A hannunki zai zauna, cikin kular sanyi, da ƙanƙara a gefe, ba a kansa ba. Ki bar shi a kwalinsa. Ki ɗauki ninkin abin da zai ishe shi."

Na ce, "Likita, ba an ce an hana shiga da ruwa da abu mai tsini ba?"

Ta ce, "An hana, amma ban da magani, in dai an nuna. Ga takarda da sunansa da sunan maganin da hatimi. In kun zo wurin bincike kada ki jira a tambaye ki. Ki ce ga mai ciwon suga, ga kayansa, ga takardarsa. Shi ke nan."

Na sayi 'yar kula shuɗiya. Na jera biro shida a kwalayensu, da kan allura a rufe cikin ledarsu, da buhun ƙanƙarar nan mai kauri da ba ya saurin narkewa, na naɗe shi da tawul. Takardar na sa ta a leda na dinke mata aljihu a cikin jakar hannuna, tare da na'urar gwada suga da dabino. Ni dai a ganina ban bar ƙofa ba.

Ranar tafiya na yi wa Baba allurar safe a gidana, ya karya, muka kama hanya. Da hantsi muka isa Tsafe don mu ɗauki Mahadi. Yana ganina rungume da kula ya bushe da dariya.

"Ke kam kamar mai goyo. Mi ke ciki?"

Na gaya masa, har na karanta masa abin da likita ta ce. Da na zo kan "in dai an nuna," sai ya tafa hannu.

"Nuna? Ke Wasila, mai kaki ake nuna wa abu? Tsakanin nan da Funtuwa shinge nawa ne? A wanne kika taɓa ganin an nuna abu ya wuce lafiya? Abin da mai kaki bai gani ba shi ne naka."

Na ce, "Yaya, wannan ba shingen hanya ba ne. Doka ce ta yarda."

Ya ce, "Doka! Sau nawa kika hau jirgi?"

Ban taɓa hawa ba. Matarsa ta kawo mana wake da ganye saboda Baba, muka zauna a zaure. Muna cikin ci Mahadi ya taɓa kular ya ce, "Kai, ƙanƙarar ga ta fara sakin jiki. Kawo in sauya maku, ina da firiza mai sola." Na miƙa masa da hannuna, har ina cewa Allah ya saka. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan godiyar sai in ji kamar in mari kaina.

Ya shige ɗakin ajiyarsa da ke jikin zauren ya turo ƙofa. Ya ɗan jima. Baba yana kishingiɗe a tabarma daf da ƙofar, na ga ya ɗaga kai ya shaƙi iska sau biyu. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kuma ya mai da kansa ya kwanta. Da Mahadi ya fito, ya naɗe kular da salatif tamau, zagaye ya fi goma.

Ya ce, "Kada ki buɗe sai yamma, sanyin zai gudu."

Likita ma ta ce kada a yawaita buɗewa. Nauyin kular bai sauya ba, jikinta da sanyi. Na ɗora ta a cinyata tun daga Tsafe har filin jirgi, ina kare ta daga rana da gefen mayafina. A kowane shinge in mai kaki ya leƙo sai in ƙara rungume ta.

Bayan la'asar muka shiga. Kamfanin da ya shirya tafiyar ya yi mana anko, mu sittin da wani abu, maza koren yadi da farar hula, mata koren hijabi. Mahadi ne ya yi ta kai da kawo wurin awon kaya. Jakunkunan bakko huɗu ya zo da su, cike da yaji da kuka da kilishi da daddawa, wai saƙon mutanen Tsafe mazauna can. Ya raba su tsakanin sunansa da na Baba da nawa, aka manna masu lamba suka bi bel suka shige, ya tattara 'yan takardun shaidar duka ya soke a aljihu. Da muka zo layin bincike ya ce, "Ku yi gaba, tsofaffi da marasa lafiya ake fara wucewa. Ina bayanku."

Ma'aikaciyar da muka tarar doguwa ce, sunanta Binta a rubuce a ƙirjin rigarta. Na yi yadda aka koya mini. Na ajiye kular a tebur na ce, "Ranki ya daɗe, mahaifina mai ciwon suga ne. Ga maganinsa da allurarsa a nan, ga takardar likita."

Ta karanta takardar, ta duba fasfon Baba, ta yi murmushi. "Madalla, Hajiya. Da kowa zai yi haka da mun huta. Sannu Baba, ya jiki?"

Baba ya ce, "Da sauƙi, ɗiyata."

Na waiga don in ga ko Mahadi yana kallo, ya ga yadda nunawa take aiki. Ban hango shi ba. Binta ta ɗauko almakashi a aljihun teburinta ta yanke salatif ɗin, ta ɗaga murfi.

Ganye ne a sama, jiƙaƙƙe. Ta ɗaga shi da yatsa biyu. Goro ne a ƙasa, fari da ja, manya-manya, an jera su tsaf kamar za a kai gidan biki.

Na ce, "A'a." Na cusa hannu na riƙa tonowa, goro yana zubewa a tebur yana gangarawa ƙasa. Na kai har gindin kular. Tawul ɗina yana nan, ƙanƙarata tana nan, ita ce ma take sanyaya masa goron. Ko biro ɗaya bai bar mana ba.

Kowa a layin nan ya san an hana shiga ƙasa mai tsarki da goro, an faɗa mana a bita har sau uku. Kowa kuma ya san yadda yake tsada a can. Nan take lissafin Yaya ya bayyana a gabana ƙarara. Ya ɗauka takardar likita laya ce, in an gan ta ba za a buɗe kula ba. Wato ya dubi tsohon da ya haife shi, ya dubi ciwon da yake cinye masa ido, abin da ya gani shi ne murfin da zai rufe hajarsa. Tir! Ban taɓa jin ƙyamar ɗan'adam irin ta wannan lokacin ba, kuma wai cikinmu ɗaya. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Murmushin Binta ya ɗauke. Ta ce, "Hajiya, mene ne wannan?"

Na ce, "Wallahi tallahi magani na zuba. Yayana ne ya karɓa a Tsafe."

"Ina yake?"

Na juya. Kore ne ko'ina, koren yadi da farar hula, wasu a layi, wasu a zaune, wasu sun ba mu baya. Na ƙwala, "Yaya!" Ba wanda ya kula, rabin mazan wurin yayyen wasu ne. Na ce, "Alhaji!" Kai ya fi ashirin ya juyo, ba nasa a ciki. Na ce, "Yaya Mahadi!" Na kira wayarsa, a kashe. Na yunƙura zan shiga cikin mutane in zaƙulo shi, Binta ta tare ni da hannu ta ce ba inda zan je in bar kular.

Ta ce, "Saurara ki ji. Goron nan ba zai wuce ba, wannan an gama. Amma ba shi ne ya fi damuna ba. Ina maganin?"

Na ce, "Ban sani ba. Sai dai ko a cikin manyan jakunkuna."

"Wacce? Ina lambarta?"

"Duk takardun suna hannunsa."

Ta dubi agogonta. "Yanzu haka ana loda kaya. In na san jakar zan iya sa a dawo da ita. In aka rufe ƙasan jirgi kuwa, sai dai ku tarar da ita a can."

A can, bayan ta kwashe sa'o'i a cikin sanyin da likita ta ce yana kashe maganin. Allurar yamma saura kaɗan lokacinta ya yi, ga kwana goma sha huɗu a ƙasar da ban san ko hanyar kemis ba, ban iya yarensu ba. Ko da sun ce mu wuce, ni kaina ba zan sa Baba a jirgi haka ba. Bijimai sun tafi, ido yana tafiya, ga mu a bakin ƙofa za mu juya saboda goro.

Binta ta yi magana a 'yar rediyonta. Jim kaɗan lasifika ta kira sunan Mahadi sau biyu, ta ce ya zo wurin bincike. Muka jira. Mutane suna ta kallonmu suna ƙus-ƙus, wata tsohuwa har da riƙe haɓa. Ba wanda ya fito.

Sai Binta ta jawo kujera ta zaunar da Baba, ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baba, sunanka ne a takardar nan, kai ne mai kaya. Dole in tambaye ka, kuma abin da ka faɗa shi zan rubuta. Wa ya haɗa maka kaya?"

Baba ya daɗe yana murza carbinsa. Ya ce, "Ɗiyata ta haɗa magani. Na ji lokacin da take jerawa."

"Goron fa?"

"Na ji ƙanshin ganyen huhun goro a Tsafe." Ya sunkuyar da kai. "Yaron ga ne."

"Wane yaro?"

"Na Tsafe."

Binta ta ɗago ta dube ni. A hankali ta ce, "Ɗan fari ne?" Na gyaɗa kai. Bahaushiya ce, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta ce, "To Baba, ba sai ka faɗa ba. Na san yana nan kusa, bai fita ba. Nuna mini shi da hannu kawai."

Baba ya ɗaga kai ya dubi zauren daga wannan gefe zuwa wancan. Na san abin da yake gani, kore ne kawai yana motsi. Ya ce, "Ba ni gani, ɗiyata."

Sannan ya ce, "In na ce ni na zuba fa?"

Nan ne raina ya ƙarasa ɓaci. Wato har yanzu? Tun muna yara haka ake yi. Mahadi ya saki awaki su ci gonar mutane, Baba ya je ya ba da haƙuri ya ce igiya ce ta tsinke. Mahadi ya sayar da takin da aka ba shi ajiya, Baba ya ce ruwa ne ya jiƙa shi. Na ce, "Baba, in ka ce kai ne, wallahi a nan zan zauna in yi ta kururuwa har a fitar da ni."

Binta ta ce, "In ka ce kai ne, sai in rubuta kai ne. Ka san da goro, ka rufe shi da takardar likita. Daga nan magana ta fi ƙarfina, kuma ba na jin za ka hau jirgin yau. Maganinka kuma ya tafi ba kai."

Baba ya ce, "Kuma na fara tafiya ɗakin Allah da ƙarya."

Ya mai da carbin aljihu. Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji da iska. Baba yana da wata murya da yake kiran mutane da ita daga wannan bakin gona zuwa wancan, na yi shekaru ban ji ta ba, na ɗauka ciwo ya cinye ta.

"Mahadi!"

"Na'am!"

Daga bayan wani ginshiƙi ta fito, bai fi taku goma daga inda muke ba. Ashe duk abin nan yana nan a raɓe, yana jin kukana, yana jin lasifika. Bakinsa ne ya amsa kafin hankalinsa ya hana shi. Ya fito yana rarraba ido, shi kansa kamar bai yarda da abin da kunnensa ya ji ba.

Baba bai ƙara ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina maganina?"

Sai ga Alhaji sau uku yana in'ina. "Baba, ai yana nan lafiya lau. Taimako na yi. Da an gan shi da an ƙwace, ni na san mutanen ga. Na adana shi inda ba mai taɓawa."

Binta ta ce, "Ina?"

"Cikin daddawa."

Ta karɓi takardun ta sa ya nuna lambar jakar, ta yi magana a rediyo da sauri. Muka tsaya muna kallon ƙofa. Ni dai ba abin da nake yi sai salati. Can sai ga wani ma'aikaci ya turo bakkon a keke yana haki, ya ce saura ƙiris da ta shige.

Aka kai mu wani ɗan ɗaki a gefe aka zuge jakar. Wayyo hancina! Daddawar ta sha zafin but ɗin mota tun daga Tsafe, ta yi gumi, ta saki mai. Warin ya cika ɗakin har ma'aikacin da ya kawo ta ya koma bakin ƙofa. Binta ta miƙa wa Mahadi safar hannu, na ce a'a, kada ya ƙara taɓa abin da zai shiga jikin Baba. Ni na naɗe hannun riga na shiga.

Ashe Yaya ya cire magungunan daga kwalayensu, kwalayen ya yar a Tsafe. Ya cuccusa kowane biro a tsakiyar curin daddawa ya mulmule, yadda masu fasa-ƙwauri suke yi wa goro. Haka na riƙa fasa curi ɗaya bayan ɗaya, baƙin abu yana shiga ƙarƙashin farcena, yana manne mini a zobe. Wani in fasa ba komai, wani in ji tauri. Ina yi ina yunƙurin amai, ina yi hawaye na zuba, ba na tausayi ba, na takaici. Abin da doka ta ce a ɗauka a fili a nuna, shi aka binne kamar kayan sata. Abin da aka hana kuma shi aka ba kula da ƙanƙara da cinyata.

Na samu shida. Ɗaya ya tsage, nauyin kaya ya danne shi, ruwan ya tsiyaye. Kan allurar kuma a cikin yajin da ke jakar na same su, Allah ya sa ledarsu ba ta huje ba, sai atishawa da muka yi ta yi. Binta ta riƙa goge kowane biro da auduga mai sinadari tana ɗauke numfashi, har rubutun jikinsa ya fito, ta gwada da sunan da ke takardar likita. Na ɗaga su a haske ɗaya-ɗaya, ruwan garau yake, bai yi gudaji ba.

Ta ce, "Biyar za su kai ku?"

Na ce, "Uku ma sun isa. Likita ce ta ce in ninka."

Ta ce, "Allah ya yi wa likitar nan albarka." Ta juye sauran goron a wani kwando, ta goge kular da kanta, ta jera mini su, ta rufe. "Ku wuce. Baba, a sa mu a addu'a."

Mahadi ya ɗauki jakar hannunsa zai bi mu. Ta ce, "Kai kuma Alhaji, zauna. Akwai masu son magana da kai." Ya dubi Baba yana jira, kamar yadda ya saba, a ce igiya ce ta tsinke. Baba ya kama hannuna, hannun nan mai warin daddawa, ya ce, "Mu tafi, Wasila."

Jirgi ya tashi ba da shi ba. Da aka fara raba abinci na gwada sugan Baba, na fito da biro na murɗa lamba. Duk gugar da aka yi masa warin yana nan. Mutumin da ke gefenmu ya ja hularsa ya toshe hanci, ban ga laifinsa ba. Na ɗaga rigar Baba na yi masa allurarsa. Tun daga ɗakin nan bai ce uffan ba, sai da na mai da murfi ya ce, "Na ji ƙanshin ganyen nan a Tsafe, na san mi ake yi. Na ce bari in yi shiru kada in kunyata shi gaban iyalinsa." Ban ce komai ba, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na ɗiya da uba ba ne.

Ya ga Ka'aba. Sai da na kai shi kusa sosai, muka kutsa har inda ba a so tsofaffi su kutsa, sannan ya ce, "Na gan ta, baƙa ce." Ya tsaya yana kallo har aka ture mu. Bayan mun dawo da wata biyar idon ya rufe.

Mahadi sun sake shi a ranar, bayan tambayoyi da rubuce-rubuce. A Tsafe ya ce wa mutane wai matsalar biza ce. Ni shekara guda ban taka shagonsa ba, sai da Inna ta yi mini rantsuwa.

Yanzu yakan zo Rawayya ran Juma'a da ledar lemo da sabulu. Ya durƙusa a bakin tabarma ya yi sallama. Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ba faɗa, ba ɗaure fuska, ya ce, "Mahadi, ka zo? Mahadi, ya hanya? Miƙo mini butar can, Mahadi." Haka yake kiran mai gyaran keke ma yanzu. Duk kira ɗaya sai na ga kafaɗar Yaya ta ɗan motsa, ya sunkuyar da kai ya ce na'am.

Ran nan da zai tafi ya tsaya a soro yana sa takalmi, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Wasila, ko sau ɗaya, in ba ni nan, yana cewa yaron ga?"

Na ce, "A'a."